AKWATIN WUTAR MOTA: IN YA LALACE, YAYA AKE SAKE SHI?

Darasin wannan karo a kan mota ne. Ba kowa ke da mota a ƙauye ba, amma kowa yana shiga. Ita ke kai albasa da wake kasuwa. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Garuruwa da yawa kuma suna da yaro ɗaya ko biyu da ke koyon aikin garaji a birni. In motar gari ta kwanta kwana goma, kowa sai ya ji a jikinsa.

Ga abin da kan faru. Direba ya taso daga kasuwa da almuru, mota cike da mutane da buhuna. Ya kunna fitilu, ba su kama ba. Can sai abin share gilashi ya fara aiki shi kaɗai, ba ruwa ba hadari. Ƙofofi su kulle, su buɗe, ba wanda ya taɓa su. Da gari ya waye batir ya mutu. Fasinja su ce motar iskoki gare ta. Ba iskoki ba ne. Akwai wani ɗan akwati a cikin motocin yanzu wanda ke raba wuta. In ya rikice, haka mota ke yi.

Motar da da motar yanzu

Dattawa sun san Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, da 504, wadda ta fito a 1968. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, cikin Najeriya. Waɗannan motoci sun yi shekaru suna jigila a kan hanyoyin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Wutarsu ba ta da wuyar ganewa. Kowace fitila da wayarta. Waya ta taso daga batir, ta bi ta fis, ta bi ta makunni, ta kai ga ƙwan fitila. Makanike mai ƙwan fitila ɗaya da guntun waya yana iya bin ta har ya iske inda ta tsinke.

Motocin da aka ƙera daga wajen shekara ta 2000 ba haka suke ba. Abubuwan wuta sun yi yawa: gilashin ƙofa mai hawa da kansa, makullin ƙofa na nesa, sanyi, rediyo, fitilu iri-iri. In an ba kowane wayarsa, wayoyin sai su cika mota. Sai masu ƙera mota suka sake dabara.

Talaka ba ya shiga wurin sarki kai tsaye. Sarkin fada yake faɗa wa buƙatarsa, shi kuma ya isar, ya fito da umurni. Haka akwatin nan yake. In direba ya murɗa makunnin fitila, makunnin ba wuta yake aikawa ba, saƙo yake aikawa. Akwatin ya ji saƙon, sannan ya saki wuta zuwa fitila. Saƙonnin suna bi ta wayoyi biyu sirara da aka murɗe tare. Ɗaya daga cikin hanyoyin aika saƙon ana kiranta CAN. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1986.

Kowane kamfani da sunan da ya ba akwatin. A motocin Peugeot da Citroën ana rubuta BSI. A na Renault, UCH. A takardun Ingilishi, BCM. Darasin nan zai bi na Peugeot, don 206 da ta fito a 1998 da 307 da ta fito a 2001 duk suna da shi, kuma sun shigo ƙasar nan da yawa daga Turai bayan an more su can. A cikinsu akwatin yana ƙarƙashin tablo, hagu da sitiyari, wajen gwiwar direba. Baƙin roba ne, fis-fis jere a fuskarsa, manyan kawunan wayoyi a cuse a jikinsa.

Kada a haɗa shi da kwamfutar inji. Ita tana can wajen inji, aikinta mai da wutar tayarwa. Shi kuwa aikinsa fitilu, sigina, abin share gilashi, makullan ƙofa da gilasai. Amma suna magana da juna, kuma wannan maganar ce ke sa sake akwatin ya yi wuya, kamar yadda za a gani a gaba.

Kada a yi saurin ɗora masa laifi

Nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Mota ta yi abin mamaki, yaron garaji ya leƙa ya ce akwati ya ƙone. Mai mota ya saida akuya biyu ya sayo wani. A ɗaura, cutar na nan. Ashe batir ne.

Abin lura na farko: abu guda ne ya tsaya, ko da yawa? In fitila ɗaya ce ta mutu, a duba ƙwai da fis. In sigina da manyan fitilu ne kawai ke gardama, sau da yawa makunnin da ke bayan sitiyari ne ya cinye. A waɗannan motoci ana kiransa COM 2000. Ba a fara zargin akwati sai abubuwa da yawa waɗanda ba su da dangantaka da juna sun rikice lokaci guda.

Ko a nan ma, batir ake fara tambaya. Akwatin nan kwamfuta ce ƙarama, kuma ba ta jure yunwar wuta. In wuta ta ragu, sai ta fara ba da umurnin banza. Ana awon batir da ƴar mita ta awon wuta, wadda kowane mai gyaran wutar mota ya kamata ya mallaka. Batir mai lafiya, mota a kashe ta huta, yana nuna wajen bolt 12,6. In ya nuna 12 ko ƙasa da haka, ya yi rauni. In inji yana aiki, lambar ta kamata ta hau tsakanin 13,5 da 14,5. In ba ta hau ba, dinamo ba ya cika batir. In ta wuce 15, dinamo yana cikawa fiye da kima, kuma shi ma yana iya kashe akwati. Zafin ƙasar nan yana rage kwanan batir ƙwarai.

Bayan haka a duba kawunan batir. In sun yi farin gari ko kore, a kwance su a wanke da ruwan kanwa mai ɗumi, a goge, a ɗaure tam. A yi hankali kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir. Sai a bi baƙar wayar da ta taso daga kan batir mai alamar (–) zuwa jikin mota. Makanikai suna ce mata mas. Duk wutar da ta fita ta nan take komowa. In ƙusarta ta yi tsatsa ko ta saki saboda girgizar hanya, wuta sai ta nemi wata hanyar komawa. Shi ke sa a taka birki fitilar sigina ta kama. Gyaran wannan sifana ne da takardar goge tsatsa, ba sayen akwati ba.

Sai fis, wanda waɗansu ke ce wa fizibil. Shi ne mai gadin waya. In wuta ta yi yawa, shi ke tsinkewa don waya kada ta ƙone. Kowane fis da lambarsa a kansa, da kuma launinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In ja ya tsinke, ja ake mayarwa. Akwai masu naɗe fis da takardar azurfa ta kwalin taba, ko su cusa guntun waya. Mota ta tashi, kowa ya yi murna. Wannan mugun aiki ne. An kori mai gadi ke nan. Ran da wayoyi biyu suka haɗu, akwatin ne zai ƙone, ko kuwa motar gaba ɗaya, da mutane a ciki. Fis da ke tsinkewa kullum yana faɗin cewa wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Ita za a nema. A tuna kuma akwai wani akwatin fis na biyu kusa da inji, shi ma a duba shi.

Wani abin kuma ba cuta ba ne ko kaɗan. In an kashe inji aka bar rediyo ko fitilar ciki, bayan kamar minti 30 akwatin yana yanke su da kansa. Sai rubutu ya fito a tablo da Faransanci: «Mode économie actif». Tattalin batir yake yi. Da an tada inji komi zai komo.

Abin da ke kashe shi

Ruwa ne babban abokin gabarsa. Da damana ruwa yana bi ta bakin gilashin gaba in robar ta tsufa. Akwai kuma ƴan ramukan da ke zubar da ruwa a gindin gilashin. Ƙurar hunturu da ganye suna toshe su, ruwa ya taru ya sauko cikin mota. Ratsa ƙorama mai zurfi, da wanke cikin mota da bokiti, duk suna kai ruwa wurin. In an cire kan waya aka ga haƙoransa sun yi kore, ruwa ya shiga. Ɓera ma yana ɓarna. Motar da ke ɗaukar hatsi kuma ta kwana kusa da rumbu, ɓera yana shiga ya ci wayoyi.

Sauran ɓarnar hannun mutum ce. A tasha an saba aron batir: a tada mota da na wani, inji yana aiki a cire shi a mayar da nata. Tsohuwar 504 tana jure wannan. Motar yanzu ba ta jurewa. Da an cire kan batir inji yana aiki, wutar dinamo tana yin tsalle, ta bugi duk kwamfutocin mota. Haka in an juya wayoyin taimako, (+) ya tafi wurin (–). Haka in an jawo wuta daga babban kamyo mai bolt 24. Haka kuma in mai walda ya yi aiki a jikin mota ba a cire batir ba.

Na'urar da ke tambayar mota

In batir da mas da fis da wayoyi duk lafiya, lokacin zuwa wurin mai na'ura ya yi. Masu gyara suna ce mata waliz. Ana cusa ta a wani kai mai ramu 16 da ke kusa da sitiyari. A Turai doka ta wajabta wannan kai a motocin esansi tun 2001, na gazuwal kuma tun 2004. Na'urar tana karanta kukan da kowace kwamfuta ta ajiye. Tana kuma iya ba akwatin umurni: kunna fitila, kunna abin share gilashi. In saƙon makunni yana isa, waya lafiya, amma akwatin bai saki wuta ba, to laifin ya tabbata a kansa. Mai mota ya nemi a nuna masa wannan da idonsa kamin ya fidda kuɗi. Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya.

Ba kowane akwatin da ya rikice ne ya mutu ba. Wani lokaci in an cire batir ta hanyar da ta dace aka mayar, sai ya dawo hayyacinsa. Wani lokaci mai gyaran rediyo da ya ƙware yana buɗe shi ya wanke tsatsar ruwa, ko ya sake ɗan abu guda da ya ƙone. Wannan ya fi araha, kuma makulli ba ya samun matsala.

Akwati da makulli sun san juna

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a darasin. Sake akwatin nan ba kamar sake taya ba ne.

A cikin kan makullin mota akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa babba, mai ɗauke da lambar asiri. In an murɗa makulli, akwatin yana tambayarsa lambar. In ta yi daidai, sai ya gaya wa kwamfutar inji ta saki mai. In ba ta yi daidai ba, inji ba zai tashi ba ko an kwana ana murzawa. An yi haka don maganin ɓarayi. Ke nan abu uku ne suka san juna: makulli, akwati, da kwamfutar inji. In an kawo baƙon akwati daga wata mota, bai san makullin ba, kwamfutar inji kuma ba ta san shi ba. Fitilu suna iya kamawa, amma mota ba za ta motsa ba. Mutane da yawa sun sayi akwati a kasuwar tsofaffin kaya, suka dawo da shi gida, ya zama abin ajiya.

Mai son sabo fil zai biya kuɗi mafi yawa. Sabon akwati ba ya san komi. Da na'ura ake koya masa lambar jikin mota, mai baƙaƙe da lambobi 17, wadda ke rubuce a takardar mota. Ana kuma buƙatar lambar asiri mai gurbi 4. Ana ba da ita a kan wani ɗan kati ranar da aka saida motar sabuwa. Motar da ta bi hannu biyar kamin ta iso ƙauye, da wuya katin ya iso tare da ita. In babu, wakilin kamfani ko ƙwararren mai na'ura ne ke fiddo ta, kuma ana neman takardun mota. Kada a yi ta gwada lamba da ka, don akwatin yana kullewa in an yi ta sa wadda ba ita ba.

Mai sayen tsoho kuwa, ya sayi ukun tare daga mota guda: akwati, kwamfutar inji, da makulli. Kuma injin waccan motar ya zama irin na tasa daidai. Akwai wata hanya: ƙwararre ya kwafe abin da tsohon akwati ya haddace ya zuba cikin wanda aka sayo. In an yi haka, mota ba ta san an sake komi ba. Don wannan, kada a yar da tsohon akwati, kada a bar yara su fasa shi, ko da ya ƙone.

Kamin a tafi kasuwa, a kwafi lambobin da ke kan farar takardar da aka manna a jikin akwatin. A kwafa harafi bayan harafi, a sake karantawa. Akwati biyu suna iya yin kama kamar tagwaye, cikinsu daban. Lamba guda in ta kuskure, kuɗin mota zuwa birni da komowa sun tafi banza. Wanda ya iya rubutu a gari, ranarsa ke nan. A kuma yi sharaɗi da mai saidawa a gaban shaida: in bai yi ba, za a mayar masa.

Akwai wani abin da ba kowa ya sani ba. A motocin Peugeot, akwatin da agogon tablo duka suna riƙe lissafin kilomita. In an haɗa su lissafinsu ya bambanta, babbar lambar ce ke zama, kuma ba ta komawa baya. Mota mai kilomita 200.000, in an ɗaura mata akwatin mai 350.000, da 350.000 za ta wayi gari. Ran da za a saida ta, mai saye wannan lambar zai gani.

Ranar ɗaurawa

A ajiye mota a inuwa, inda ba ƙura. A tabbata batir cike yake, don in wuta ta yanke ana cikin koya wa akwati, yana iya lalacewa. A buɗe murfin inji, a sauke gilashin direba. A kashe komi, a zare makulli a riƙe shi a aljihu, kada ƙofofi su kulle da shi a ciki. A rufe ƙofofi a jira minti 3. Cikin wannan lokaci akwatin yana adana abin da ya sani, sannan ya yi barci. Buɗe ƙofa yana tada shi, sai an sake jira. Mai gaggawa a nan shi ke jawo wa kansa aiki.

Sannan a kwance kan batir mai alamar (–). A cire murfin da ke ƙarƙashin tablo. Kawunan wayoyin launi-launi ne, kowane da gurbinsa. A ɗauki hotonsu da salula, ko a zana su a takarda. Kowane kai yana da ɗan hannu na roba da ake ɗagawa, sai ya fito da kansa. Ba a jan waya, ba a sa sukundireba da ƙarfi. Robar ta sha zafi shekaru, karyewa take kamar busasshen kara. Wayoyi masu kai rawaya ko ruwan lemo da ke wajen sitiyari na jakar iska ce mai fashewa lokacin hatsari. Ba a taɓa su.

A duba haƙoran kowane kai. In akwai tsatsa a goge, in akwai laima a bari ya bushe. In ruwa ne ya kashe na farko, a toshe inda yake shiga tukuna, in ba haka ba na biyu ma damana ɗaya zai yi. A gwada fis-fis na sabon da na tsohon, gurbi da gurbi. A zaunar da akwatin, a cusa kowane kai har ya yi ƙara. A mayar da kan batir a ɗaure, a jira minti 1 kamin a murɗa makulli.

Sauran aikin na mai na'ura ne. Zai gaya wa akwatin irin motar da ya shigo: esansi ce ko gazuwal, tana da sanyi ko babu, gilashi nawa ke hawa da wuta. In an tsallake wannan, wani abu zai ƙi aiki ko da akwatin lafiya lau. In za a koya masa makullai, a kawo su duka a ranar. Wanda aka bari a gida, akwatin ba zai san shi ba, ba zai ƙara tada motar ba sai an sake zama.

Kamin a biya, mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba, ɗaya ya zagaya mota. Ƙananan fitilu, manya, sigina hagu da dama, fitilar birki, ta baya, oda, abin share gilashi, gilasai, makullan ƙofa. A gwada kowane makulli ya tada inji. Agogo da rediyo sai an sake daidaita su, wannan ba laifi ba ne. In hali ya yi, motar ta kwana a garaji. Da safe a sake awon batir: in lambar ta faɗi da yawa cikin dare, wani abu yana shan wuta har yanzu, aiki bai ƙare ba.

Lambar asirin nan mai gurbi 4, mai mota ya karɓe ta daga hannun mai gyara. Ya rubuta ta a takarda tare da lambobin sabon akwatin da ranar da aka ɗaura shi. Takardar a gida ake ajiye ta, cikin akwatin tufafi, ba a cikin mota ba.